Soja da Gobarar Daji a Amurka: Labarin Babbar Wutar 1910

Tun da aka fara tara mutane ana ba su makamai, ana biyansu albashi don su zauna da shirin yaƙi, masu mulki ke tunanin abin da za a yi da su a kwanakin da babu yaƙi. Soja yana da abubuwa uku waɗanda ba kasafai a kan same su tare wurin farar hula ba, watau yawa, da jin magana, da kayan tafiya da na zango. To, waɗannan kuwa su ne ainihin abin da a ke nema ran da gari ya kama wuta, ko kogi ya ɓalle, ko ƙasa ta girgiza. Sabo da haka kiran soja ran masifa ba abin mamaki ba ne. Abin da ya cancanci bincike shi ne wane aiki soja ya kan iya in an kira shi, wanne ne ya fi ƙarfinsa, da kuma irin tabon da zuwansa ya kan bari bisa tunanin waɗanda ya zo taimako. Wannan takarda za ta bi al'amarin cikin ƙasa guda, watau Amurka, ta fi tsayawa bisa gobarar dajin da aka yi a jihohin Idaho da Montana cikin watan Agusta 1910, domin a nan ne amsar ta fi fitowa fili.

Ya kamata a fara sanin cewa Amurkawa tun asali ba su sakin jiki da ganin sojan tarayya cikin garuruwansu. Sun gaji wannan tsoro daga zamanin da sojan Ingila ke zaune a kansu, ya kuma daɗa ƙarfi bayan yaƙin basasarsu, sa'ad da sojan Arewa suka shekara goma sha biyu suna tsaron jihohin Kudu. Cikin 1878 Majalisar Ƙasa ta yi doka ta hana a sa sojan tarayya aikin 'yan sanda, sai inda tsarin mulki ko Majalisar kanta ta yarda. Dokar ba ta hana soja raba abinci ko kafa tanti ko kashe wuta ba. Amma ran masifa, tsakanin mai raba abinci da mai tsaron layin masu karɓa babu nisa, galibi ma mutum guda ne, da bindigarsa a kafaɗa.

An riga an ga haka tun kafin dokar. Da birnin Shikago ya ƙone daga 8 zuwa 10 ga Oktoba 1871, mutum wajen 300 suka mutu, wajen 100,000 suka rasa wurin kwana, sai magajin gari ya danƙa tsaron birnin hannun Janar Philip Sheridan. Janar ya kawo tantuna da abinci, ya kuma zuba masu gadi bisa tituna, wasunsu samari ne 'yan sa kai da ba su san aiki ba. Kafin mako biyu ɗaya daga cikin samarin nan ya harbe wani lauyan birnin, Thomas Grosvenor, yana komawa gida da dare. Gwamnan jihar, John Palmer, ya yi fushi ƙwarai, ya ce ba wanda ya ba magajin gari ikon miƙa wa soja mulkin da ba nasa ba. A San Francisco kuma, da girgizar ƙasa ta auku da asubahin 18 ga Afrilu 1906, wuta ta biyo baya, Janar Frederick Funston bai jira umurnin kowa ba, ya fito da sojan barikin Presidio ya shiga gari. Shugaban 'yan kwana-kwana ya ji raunin da ya zama ajalinsa, bututun ruwa sun farfashe, sai aka koma rushe gidaje da nakiya da albarushi don a yanke wa wuta hanya. Da yawa cikin masu wannan aiki ba su ƙware ba, har a wurare da dama rushewar ta zama sabuwar wuta. Amma da aka zo ga ciyar da mutum fiye da 200,000 da suka rasa gidaje, da kafa musu zango, da tsabtace zangon don kada annoba ta shiga, sai aka ga gwanintar soja, suka riƙe aikin har farkon Yuli. Watau tun a nan an ga rabon da za a yi ta gani daga baya: wurin yaƙi da wuta soja ya kan yi abin da ya samu, wurin kula da mutane kuwa ba mai kama ƙafarsa.

Shigar soja aikin daji ta wata ƙofa dabam ce, kuma rowar Majalisa ce ta buɗe ta. An keɓe Yellowstone cikin 1872 ya zama gandun ƙasa, ba noma, ba sara. Amma 'yan ma'aikatan da aka sa ba su iya hana mafarauta da masu ɓarna ba, cikin 1886 kuma Majalisa ta ƙi ba da ko kuɗin albashinsu. Ministan Harkokin Cikin Gida ya roƙi Ministan Yaƙi, aka aiko Kyaftin Moses Harris da sojan doki wajen 50 daga barikin Custer. Sun iso cikin Agusta suka tarar da wuta tana ci a wurare da dama, suka sauka daga dawaki suka ɗauki gatura da shebur da bokitai. Waɗannan su ne ma'aikatan gwamnatin tarayya na farko da suka mai da kashe wutar daji aikinsu na kullum. An ce za su zauna na ɗan lokaci, sai ga shi sun shekara 32, ba su tashi gaba ɗaya ba sai 1918. Su ne suka fara tilasta wa baƙi sauka a zango sananne don a san inda murhu ya ke, su ne suka fara sintiri don hangen hayaƙi. Haka kuma aka yi a Yosemite da Sequoia cikin Kalifoniya daga 1891. Ra'ayin da suka zo da shi mai sauƙi ne, irin na wanda aka ba tsaron wuri: wuta abokiyar gaba ce, duk inda ta ɓullo a far mata. Ba wanda ya tsaya tambaya ko dajin yana da wata buƙata ga wutar, ko da ya ke 'yan asalin ƙasar, waɗanda Turawa suka kira Indiyawa, sun daɗe suna ƙuna da gangan don buɗe daji da jawo namu.

Cikin 1905 Shugaba Theodore Roosevelt ya kafa Ma'aikatar Gandun Daji, ya naɗa amininsa Gifford Pinchot shugabanta. Kafin Roosevelt ya sauka cikin 1909 dazuzzukan da ke hannunta sun wuce eka miliyan 150, ma'aikata kuwa ba su taka kara sun karya ba, har malamin daji guda ya kan riƙe eka dubu ɗari ko fiye, shi da dokinsa, wanda ma da kuɗinsa ya saya. Ma'aikatar tana da maƙiya masu ƙarfi: masu kamfanonin katako, da na ma'adinai, da na jirgin ƙasa, da wakilansu a Majalisa, irin su Sanata Weldon Heyburn na Idaho. Babbar hujjar da Pinchot ke kāre ma'aikatarsa da ita ita ce za ta iya tsare dukiyar ƙasa daga wuta. Cikin Janairu 1910 sabon shugaban ƙasa, William Howard Taft, ya kore shi sabo da rigimarsa da Minista Richard Ballinger bisa filayen kwal na Alaska, aka naɗa Henry Graves. Haka ma'aikatar ta shiga bazarar 1910, tana da shekara biyar, ubanta ya tafi, alkawarinsa yana wuyanta.

Wanda ya saba da ƙunar ciyawa ta bayan kaka, wadda ke bin ƙasa da sauri ta wuce ta bar itatuwa tsaye, ba zai gane wannan gobara ba sai ya san irin dajin. Tsaunukan Bitterroot, waɗanda suka raba Idaho da Montana, cike su ke da dogayen itatuwa masu ganye kamar allura, jikinsu duk ƙaro, sun tsaya kusa da juna har kawunansu na haɗuwa. Muddin wuta tana ƙasa mutane na iya share mata hanya, su tone har jar ƙasa ta fito, ta zo ta rasa abin ci. Amma in iska ta ɗaga ta ta hau kawunan itatuwa, to, magana ta ƙare, domin sai ta riƙa jefa garwashi gaba da ita nesa, ta tsallake hanya da rafi, ta kuma fi mutum gudu, balle in tana hawan tudu. Shekarar nan ƙanƙarar tsaunuka ta narke da wuri, ruwa ya ɗauke tun cikin bazara. Jiragen ƙasa masu cin kwal suna ta zubar da tartsatsi, musamman bisa sabuwar hanyar kamfanin Milwaukee da aka gama cikin 1909, ga masu share gonaki, ga masu sarar katako. Ran 26 ga Yuli aka yi tsawa mai yawa ba ruwa, ta kunna ɗaruruwan wurare cikin dare guda. Kafin tsakiyar Agusta wutar da ke ci ta wuce wuri dubu.

Ma'aikatar ta ɗebi duk wanda ta samu bisa ladan santi 25 a awa. Aka kwaso mutane daga Spokane da Butte da Missoula, daga ramukan ma'adinai da gidajen giya, da baƙi 'yan ci-rani daga Italiya da sauran ƙasashen Turai waɗanda ko Ingilishi ba su ji sosai, wasu ma ba su taɓa riƙe gatari ba. Da abin ya ci tura, ma'aikatar da masu katako suka yi ta buga waya ana neman soja. Taft yana hutu a Beverly, bakin teku, cikin jihar Massachusetts. A farkon Agusta ya yarda, aka tura soja wajen 4,000 zuwa dazuzzukan arewa maso yamma. A cikinsu akwai kamfani bakwai na Rajimanti ta 25 ta sojan ƙasa, wadda ke da dakaru a barikin George Wright a Spokane.

Wajibi ne a tsaya kaɗan bisa wannan rajimanti, domin ba a fahimtar abin da ta yi sai an san abin da aka yi mata. Tana cikin rajimantoci huɗu na baƙar fata da suka tabbata bayan yaƙin basasa, biyu na doki biyu na ƙasa, waɗanda a ke yi wa laƙabi da Sojan Ɓauna. Dakarun baƙaƙe ne, hafsoshin kuwa kusan duk farare. Sun yi yaƙi a Kuba cikin 1898, sun yi a Filifin. Cikin daren 13 ga Agusta 1906 aka yi harbe-harbe a garin Brownsville na jihar Texas, mutum guda ya mutu, ɗan sanda guda ya ji rauni. Mutanen gari suka ɗora wa sojan Rajimanti ta 25 da ke barikin wurin, alhali hafsoshinsu farare sun shaida cewa suna cikin bariki. Ba a kai kowa cikinsu gaban shari'a ba. Da aka ce su faɗi mai laifi suka ce ba su sani ba, sai Roosevelt ya sallami mutum 167 gaba ɗaya, ba takardar yabo, ba fansho, har da waɗanda suka yi shekara ashirin da ɗoriya cikin aiki. Ministan Yaƙin da aka zartar da hukuncin a hannunsa kuwa shi ne Taft. Sai cikin 1972 gwamnati ta yarda an zalunce su ta wanke su, daga baya kuma aka biya Dorsie Willis, wanda ya rage da rai a cikinsu, dala 25,000. To, 'yan'uwan waɗannan mutane ne Taft ya aika, bayan shekara huɗu, su tsare garuruwan fararen fata waɗanda da yawansu ba su taɓa zama da baƙar fata ba.

An sauke Kamfani na I a Wallace, garin masu haƙar azurfa, Kamfani na G kuma a Avery, ƙaramin garin reluwe a bakin kogin St. Joe, a ƙarƙashin Laftana Lewis. Kwanakin farko aikin lebura suka yi, suna share hanyar tare wuta bisa umurnin malaman daji. Wannan ma abin lura ne: ba hafsa ke faɗin inda za a tona ba, farar hula ne, tsarin da har wa yau shi a ke bi. Wajen 19 ga wata manyan ma'aikatar sun fara zaton sun ci ƙarfin abin.

Ran Asabar 20 ga Agusta da la'asar iska ta taso daga yamma, busasshiya, mai gudun mil 70 a awa ko fiye. Ta hura ƙananan wutace suka haɗu suka zama 'yan manya, manyan kuma suka riƙa jawo iskar kansu, har suna tumɓuke itatuwa tun kafin harshen wuta ya iso gare su. Cikin kwana biyu aka ƙone yawancin eka miliyan 3, watau murabba'in mil 4,700. Hayaƙi ya kai har Denver da jihar New York. Mutanen da ke cikin daji ƙungiya ƙungiya, ba waya, ba hanya sai ta ƙafa, kowace ƙungiya ta dogara ga hankalin shugabanta. Mutum 28 suka ƙone a rafin Setzer kusa da Avery. Wasu 18 suka shige wata bukkar katako a yankin Big Creek, rufin ya faɗo musu. Wani saurayin malamin daji, Joe Halm, ya tsare mutanensa cikin rafi a kan kogin St. Joe, aka buga a jarida sun mutu, bayan kwanaki sai ga su sun fito.

Labarin da ya fi shahara shi ne na Edward Pulaski, malamin daji na Wallace, wanda ya san ƙasar tun yana neman ma'adinai. Ya tara mutum wajen 45 ya nufi gari da su, da ya ga wuta ta yanke hanya sai ya shigar da su wani tsohon ramin haƙa a bakin rafin Placer, ya sa suka kwanta rub da ciki, ya rataya jiƙaƙƙun barguna a bakin ramin, ya tsaya da ƙaramar bindiga ya ce duk wanda ya nemi fita zai harbe shi. Hayaƙi ya sumar da su duka har shi kansa. Da gari ya waye biyar ba su tashi ba, sauran suka rarrafa zuwa Wallace. Pulaski ya fito da ido ɗaya a lalace da huhu a ƙone, gwamnati kuwa ba ta biya shi diyya ba. Kayan aikin da a ke jingina masa, gatari da gizago a kai guda, har yanzu da sunansa a ke kiransa, kuma yana hannun duk mai kashe wutar daji a ƙasar.

A Wallace wuta ta faɗa gari wajen ƙarfe tara na dare, ta cinye sulusinsa. Magajin gari, Walter Hanson, ya riga ya ba da umurni mata da yara da marasa lafiya kaɗai za su shiga jiragen gudu, maza su tsaya su yi aiki. Faɗin haka da sauƙi, amma a tashar da mutane ke tattake juna, sama ta yi ja, wa zai sauko da ƙaton da ya riga ya kama kujera? Sojan Kamfani na I suka yi wannan aiki. A garuruwan kan hanyar Milwaukee kuma direbobi suka yi ta kwasar mutane, suna wucewa bisa gadoji masu ci da wuta, suna shigar da jirage cikin ramukan da aka huda ƙarƙashin tsaunuka, ɗaruruwan mutane suka tsira a ciki. Grand Forks da De Borgia da Haugan suka ƙone, haka ma Taft, garin da aka sa wa sunan shugaban ƙasar kansa.

A Avery ne aikin soja ya fi nauyi, domin garin yana cikin kwazazzabo, ba mafita sai hanyar jirgi. Kamfani na G, mutum hamsin da 'yan kai, suka ɗora mata da yara cikin jirgi suka tura shi yamma, suka tsare gari daga masu wawaso da masu maye. Da wuta ta matso, su da mazan da suka rage suka shiga wani jirgi, suka tarar hanya a toshe, suka kwana suna kai da komowa tsakanin wuta da wuta, suna kawar da itatuwa da duwatsun da suka faɗo bisa dogo. Daga baya suka komo, tare da mutanen gari suka cinna wata wuta a gefen gari don ta je ta tarbi babbar, ta cinye abin da waccan za ta ci. Dabarar ta yi, iska kuma ta sassauta, Avery ya tsira. Sa'an nan aikin da ba mai so ya faɗo kansu, watau shiga toka neman gawawwaki, da naɗe su, da binne su inda aka same su. Jaridu suka yabe su ƙwarai, mutanen garin da suka tarbe su da kallon raini suka raka su da godiya. Sai dai irin yabon ya nuna zamanin, domin akwai wanda ya rasa kalmar da ta fi ya ce sun yi halin farar fata.

Wutar ba mutum ya kashe ta ba. Daga daren 23 ga wata sanyi ya sauko, aka sami yayyafi a kwari da ƙanƙara bisa tsaunuka, ƙarshen wata kuma ruwa ya zo sosai. Mutum 85 ko fiye suka mutu, 78 cikinsu masu kashe wuta ne. In an auna da adalci, soja 4,000 da leburori dubbai ba su rage wa babbar wutar komai ba cikin kwana biyun nan, ko da an ninka su goma ma haka ne. Rayukan da soja suka ceta a tasha da kan dogo suka cece su, da tsari da horo, ba a bakin wuta ba.

Amma ba haka Ma'aikatar Gandun Daji ta karanta al'amarin ba. Ta ce an ci ta ne don ƙarancin mutane da hanyoyi da waya da hasumiyoyin hange, in an ba ta kuɗi ba za a sāke ba. Pinchot, yana waje, ya ɗora alhakin mamatan bisa Heyburn da ire-irensa. Jama'a suka goyi bayan ma'aikatar, Majalisa ta biya bashin fiye da dala miliyan 1 da ta ci wurin kashe wutar, ran 1 ga Maris 1911 kuma aka sa hannu bisa Dokar Weeks, wadda ta ba gwamnatin tarayya ikon sayen dazuzzuka a gabas da haɗa kai da jihohi wajen tsaron wuta. Masu katako sun so a riƙa girke soja cikin dazuzzuka kowace bazara kamar yadda a ke yi a Yellowstone, ba a yi haka ba. Abin da ya faru ya fi wannan zurfi, watau ma'aikatar kanta ta ɗauki halin soja. Cikin watan nan na Agusta 1910 wani mai katako a Kalifoniya, George Hoxie, ya buga maƙala a mujallar Sunset yana cewa a riƙa ƙuna kaɗan kaɗan da gangan don kada busasshen itace ya taru. Bayan abin da ya auku a Idaho ba mai sauraron irin wannan magana, aka yi mata ba'a aka ce dabarar Indiyawa ce. Shugabannin ma'aikatar uku a jere, William Greeley da Robert Stuart da Ferdinand Silcox, duk suna yankin a 1910, sun shaƙi hayaƙin da hancinsu. Silcox ne cikin 1935 ya kafa ƙa'idar cewa duk wutar da aka gani a ci ƙarfinta kafin ƙarfe goma na safiyar gobe. Cikin shekarar nan Elers Koch, wanda shi ma ya yi yaƙin 1910 yana riƙe da dajin Lolo, ya rubuta cewa a cikin lungunan tsaunuka kuɗin da a ke kashewa da hanyoyin da a ke yankawa sun fi wutar ɓarna. Ba a ji shi ba.

Hannun da za a cika wannan ƙa'ida da shi ma daga soja ya fito. Samarin da gwamnatin Franklin Roosevelt ta ɗiba aikin daji daga 1933 zuwa 1942, su wajen miliyan 3, hafsoshin soja ke riƙe da sansanoninsu. Cikin 1940 ma'aikatar ta fara jefa masu kashe wuta da laima daga jirgin sama, wani hafsa, Manjo William Lee, ya zo Montana ya kalli horonsu, ya koma da abin da ya gani wurin kafa sojan laima na Amurka. Bayan shekara biyar bashin ya komo. Daga Nuwamba 1944 Japan ta saki balan-balan fiye da 9,000 ɗauke da bama-bamai, iska ta haye Tekun Fasifik da wasu, da nufin su kunna dazuzzukan yamma. Sun iso da damuna da sanyi, ba su kunna abin kirki ba, sai dai ɗaya ta kashe mace guda da yara biyar kusa da Bly a jihar Oregon ran 5 ga Mayu 1945. Aka tura Bataliya ta 555 ta sojan laima, wadda duk baƙar fata ce har hafsoshinta, zuwa Pendleton a Oregon da Chico a Kalifoniya. An hana su fagen Turai, sai aka ba su daji. Suka yi tsalle wajen 1,200 bisa wuta 36, suka rasa mutum guda, Malvin Brown, wanda ya faɗo daga kan itace ran 6 ga Agusta. Bayan yaƙi kuma jiragen yaƙin da suka rage aka mai da su masu zuba ruwa da magani bisa wuta, daga farkon shekarun 1970 aka ƙera tankunan galan 3,000 waɗanda a ke turawa cikin manyan jiragen kaya na soja in buƙata ta taso.

Ƙa'idar ƙarfe goma ta yi aiki bisa ƙananan wutace, wannan kuwa shi ne aibinta, domin a dazuzzukan da suka saba ƙonewa kaɗan kaɗan, duk wutar da aka kashe ta bar itacenta yana jiran wata. Hukumar gandayen ƙasa ta sāke ra'ayi cikin 1968, Ma'aikatar Gandun Daji kuma ta janye ƙa'idar cikin 1978, aka fara barin wasu wutacen tsawa su ci in ba su tsorata kowa ba. Sabon ra'ayin ya gamu da jarrabawarsa a Yellowstone, inda sojan doki suka fara. Bazarar 1988 ta zo da fari irin wanda ba a taɓa rubutawa a gandun ba, wutacen da aka bari da waɗanda mutane suka tayar suka haɗu, cikin Yuli aka koma kashe kowace. Ran 20 ga Agusta, ranar da ta yi daidai da ta 1910, iska ta taso, eka fiye da 150,000 suka ƙone cikin yini guda. Aka kawo soja fiye da 4,000, na ƙasa daga barikin Lewis da na ruwa daga sansanin Pendleton na Kalifoniya, aka yi musu horon 'yan kwanaki, aka ba su gatarin Pulaski, aka sa su ƙarƙashin ƙwararrun farar hula. An kashe dala wajen miliyan 120, an tsirar da garuruwan gefe da yawancin gine-gine, amma eka 793,880 suka ƙone, watau kashi 36 cikin ɗari na gandun. Cikin mako na biyu na Satumba wuta ta matso kusa da Mammoth, inda gine-ginen dutsen da sojan doki suka bari suka zama ofisoshin gandun. Ran 11 ga wata aka wayi gari da ruwa da ƙanƙara, wutar ta kwanta, ko da ya ke wasu kututtura sun yi ta hayaƙi har cikin Nuwamba.